Kundin aiki: cire kumfar feshi daga rufin wani gida a arewacin Ingila

7 ga Oktoba, 2024

Gidan na bulo ne, ginin shekarun 1930, irin tagwayen gidajen nan masu bango ɗaya a tsakani da suka cika unguwannin bayan garin Manchesta. An taɓa sake masa rufi: tayil na kankare a sama, fel na kwalta (shimfiɗar tare ruwa) a ƙarƙashinsa, sannan rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, mai milimita 100 da 50. A farkon 2021 aka fesa kumfar foliyuritan, wata irin roba, a ƙarƙashin rufin domin tare sanyi, lokacin tallafin gwamnati na Green Homes Grant, wanda aka buɗe a Satumban 2020 aka rufe a ƙarshen Maris 2021. Bana masu gidan suka sa shi a kasuwa. An samu mai saye, bankin da zai ba shi bashi ya turo mai duba gini, shi kuwa da ya leƙa saman silin ya rubuta cewa kumfa ta rufe katako, ba shi da hanyar sanin halin da yake ciki. Ciniki ya watse a nan.

Ana kiyasin gidaje kusan 250,000 ne a Birtaniya ke da irin wannan kumfa a rufinsu, kuma ba dukansu ke da matsala ba. Saboda haka ba mu shigo da niyyar cirewa ba. Sai mun auna tukuna.

Kumfar iri biyu ce. Mai laushi ƙofofinta a buɗe suke, nauyinta wajen kilo 8 zuwa 12 a kowace mita kubik, yatsa yana nutsewa a cikinta, tururi yana ratsa ta. Mai tauri ƙofofinta a rufe suke, ta ninka waccan nauyi sau uku ko huɗu, tururi da ƙyar yake bi ta cikinta. Ta wannan gidan mai laushi ce, kaurinta kusan milimita 100, an fesa ta kai-tsaye a jikin fel, ta lulluɓe rafta har ba a ganin fuskarsu. Faɗin rufin duka wajen mita murabba'i 60 ne.

Abubuwa huɗu muka gani tun kafin mu taɓa komai. Kumfa ta toshe bakin rufi gaba da baya, inda iska ke shigowa a da. Babu ledar tare tururi a fuskar kumfar ta ciki. Bututun fankar banɗaki bai fita waje ba, a saman silin ya ƙare, bakinsa a buɗe. Sannan kusa da ƙofar hawa akwai wani wuri da ke ƙarni kamar na kifi.

11 ga Oktoba

Takardun da ya kamata mai feshin ya bari su ne shaidar ingancin kayan daga hukuma irin BBA ko Kiwa, lissafin haɗarin raɓa da aka yi wa wannan rufin kansa, awon danshin katako kafin feshi, da hotunan yadda rufin yake a da. Rasit da takardar garanti kawai aka samu. Jagorar da ƙungiyar masu duba gini ta RICS ta fitar wa masu gidaje a 2023 ta nanata muhimmancin ajiye waɗannan takardu, domin su ne kaɗai ke gaya wa wanda ya zo daga baya abin da ke bayan kumfa.

An yi binciken asbestos, tsohon kayan gini mai ƙura mai cutar da huhu, tunda ba a haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999, kuma duk gidan da ya girmi 2000 ana ɗaukarsa da shakku. Ba a samu ba a saman silin. Mai lasisin duba jemagu ma ya zo. Dokar 1981 ta kare su da makwancinsu, kuma ƙananansu kan shige tsakanin tayil da fel inda ba a zato. Babu alamarsu.

22 ga Oktoba

Yau muka buɗe tagogin gwaji. Kowace taga murabba'i ce mai milimita 300, an yanka da wuƙa mai dogon baki, an tsara ta yadda za ta fito da gefen rafta da fel tare. An buɗe a gindin rufi, da tsakiya, da can ƙololuwa, a ɓangaren kudu da na arewa, sai ƙarin biyu a gefen bututun hayaƙi.

Na'urar auna danshi mai allura muka yi amfani da ita, da dogayen allurai masu rufi a jiki, domin a karanta cikin katako ba fatarsa kawai ba. Wanda ya dangwala gajeriyar allura a fuskar rafta ta ciki zai samu lamba mai daɗin ji ya tafi, alhali ruwan yana can saman raftar inda ta haɗu da fel. Ana gyara lambar daidai da sanyin wurin, kuma a tuna cewa na'urar ba ta da tabbas da zarar an haura kashi 28 zuwa 30 cikin 100.

Katakon rufi mai lafiya a wannan ƙasa yakan zauna tsakanin kashi 12 da 16. Daga 18 sai a sa ido. Idan ya daɗe sama da 20, ƙwayoyin ruɓewa sun samu wurin zama. A kudu mun samu 14 zuwa 17. A arewa, gindi 18, tsakiya 20 zuwa 22, ƙololuwa 24 zuwa 27. A gefen bututun hayaƙi na'urar ta wuce iyakarta, kumfar da aka ciro kuwa da aka matse ta sai da ruwa ya ɗiga.

Dalilin wannan bambanci shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Iskar cikin gida mai zafin digiri 20 da laimar kashi 60 tana fara zubar da raɓa idan ta taɓa abin da sanyinsa ya kai digiri 12. Abin da ke sa gorar ruwan sanyi zufa ke nan idan an fito da ita daga firiji. Tururin girki da wanka da shanyar kaya da numfashi yana hawa ta ƙofar silin, ta ramukan fitila, ta inda waya da bututu suka huda silin. A da yana isa sama iskar da ke shiga ta bakin rufi ta kwashe shi. Yanzu an toshe wannan hanya. Tururin yana ratsa kumfa mai laushi har ya isa fel, fel kuwa kumfar ta raba shi da ɗumin gida, don haka a hunturu sanyinsa daidai yake da na waje. Nan tururin ke komawa ruwa. Fel na kwalta ba ya barin tururi ya wuce: ƙa'idar BS 5250, ta kula da danshi a gini, ta sa iyakar shimfiɗa mai numfashi, wato mai barin tururi ya wuce, a 0.25 MNs/g na tare tururi, shi kuwa ya haura wannan nesa ba kusa ba. Ruwan ba shi da mafita sai cikin kumfa da saman rafta. Kudu na samun rana tana busar da wani abu a bazara, arewa ba ta samu. Ƙololuwa ta fi jiƙa saboda iska mai ɗumi can take taruwa.

Ga rufi mai irin wannan fel, ƙa'idar ta nemi a bar tazarar milimita 50 mai shan iska tsakanin fel da abin tare sanyi, a kuma sa ledar tare tururi ta ciki. Ba a yi ko ɗaya ba. Binciken da HSE, hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki, ta wallafa a 2024 ya nuna abu ɗaya: haɗarin kaɗan ne idan an bi ƙa'ida, yana ƙaruwa sosai idan an fesa a jikin fel mara numfashi ba tare da leda ba, ko a jikin tayil kai-tsaye.

Na bututun hayaƙi daban ne. Wannan yoyo ne, ba raɓa ba. Darmar da ke rufe mahaɗar tayil da bulo ta tsage. Da babu kumfa, da tuni ruwan ya ɗigo a silin ya bar tabo, an kira mai gyara an kashe kuɗi kaɗan. Kumfar ta shanye shi ta riƙe a jikin katako, babu wanda ya sani.

5 ga Nuwamba

Wurin da ke ƙarni faɗinsa bai wuce mita murabba'i 3 ba. Launinsa ya fi sauran duhu, yana danƙo a safar hannu, idan an danna ba ya dawowa.

Kumfar feshi a wurin aiki ake haɗa ta, daga ganga biyu. Ganga ta farko aisosayanet ne, wanda ake kira MDI. Ta biyu foliyol ce, gauraye da sinadarin amin mai hanzarta haɗuwa, da maganin rage kamun wuta, galibi TCPP, da abin da ke kumbura ta. Injin yana ɗumama su yana tura su daidai wa daida, ɗaya da ɗaya, su haɗu a bakin bindigar feshi. Idan ta farko ta yi yawa, kumfar takan fito da ƙarfi-ƙarfi tana marmashewa. Idan ta biyu ta yi yawa, sai ta fito da laushi da danƙo, amin da bai ƙare aikinsa ba ya yi ta fitar da ƙarni wata da watanni, musamman idan rufi ya ɗauki zafi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan shi ne toshewar matatar ganga ta farko, domin aisosayanet na daskarewa ya zama tsakuwa-tsakuwa da zarar ya sha laimar iska. Ƙwararren mai feshi yakan gwada a kan kwali ya duba ma'aunin matsi na ɓangarorin biyu kafin ya nufi rufi. Kumfar da ta fito ba daidai ba ba ta gyaruwa da jira, ba ta gyaruwa da fenti. Cirewa ce kawai.

Game da lafiya, ya kamata a raba lokuta. Lokacin feshi shi ne mafi haɗari. Aisosayanet na cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma wanda jikinsa ya riga ya tsane shi, ɗan ƙanƙanin abu ma ya isa ya tayar masa da ciwon, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Ta fata ma yana shiga. Iyakar da HSE ta sa ita ce miligiram 0.02 a mita kubik na iska cikin awa 8, da 0.07 cikin minti 15. Mai feshi takunkumi mai bututun iska daga waje yake sawa, ba na takarda ba. Tun 24 ga Agustan 2023 doka ta wajabta horo ga duk mai aiki da kayan da wannan sinadari ya kai kashi 0.1 cikin 100 a cikinsu. Mutanen gida kuma fita suke yi. Kamfanoni da yawa awa 24 suke faɗa, wasu kayan fiye da haka, tare da fanka mai jan iska waje. Masu wannan gidan sun ce ba a ce musu su fita ba, kuma wannan babban sakaci ne.

Bayan kumfa ta nuna yadda ya kamata, aisosayanet ɗin ya riga ya haɗu ya zama roba. Abin da ke saura shi ne amin daga wurin da bai haɗu daidai ba, wanda ke sa ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, da TCPP da ke fita a hankali yana shiga ƙura, da fumfunar da danshi ya haifar. Akwai mai tari a gidan. Mun rubuta masa sunayen sinadaran ya kai wa likitansa. Kafin a fara aiki mun liƙe gefunan ƙofar silin, mun kuma ce a daina kunna fankar banɗaki, a buɗe taga a maimakonta.

19 ga Nuwamba

An yanke shawara: a cire duka. An duba yiwuwar barin ta kudu a sa mata leda, amma fel ɗin ɗaya ne, katakon zai ci gaba da zama a ɓoye, kuma rufi mai rabi ɗumi rabi sanyi ba ya aiki. Za a mayar da shi tsarinsa na asali, abin tare sanyi a kan silin, sararin sama yana shan iska.

Shirin wurin: leda mai kauri daga ƙofar gida har matakala har ƙofar silin, injin jan iska mai matatar HEPA, mai kama ƙura mai laushi, yana fitarwa waje domin ƙura kada ta sauko, allunan takawa a kan katakon silin, fitilu marasa zafi. Kowa da rigar leda mai hula, safar hannu, tabarau, da takunkumin tace ƙura na FFP3 da aka gwada a fuskarsa. Mai gemu takunkumi mai fanka da hula yake sawa, domin gashi na hana bakin takunkumi zama. A wurin mai ƙarni an ƙara matatar tururin sinadari.

Dokar da ba a sassautawa: babu wuta, babu bindigar zafi, babu waya mai zafi ta yanka, babu injin gurza. Foliyuritan idan ya sha zafi yana sake sakin aisosayanet, idan ya kama wuta kuma yana fitar da hayaƙin sayanaid da kabon monoksaid.

26 ga Nuwamba

Cirewa ta yi nisa. Ana yanka gefen kowace rafta da zarto mai laushin haƙora, a ɓamɓaro tsakiya da hannu, a kankare saura da abin kankara na roba a jikin fel, na ƙarfe a jikin katako, a bi da buroshi mai tauri da injin zuƙe ƙura. Kumfar duka ba ta fi mita kubik 6 ba, a bushe nauyinta bai taka kara ya karya ba, amma tana cin buhu. Buhunan arewa sun fi nauyi a hannu ƙwarai. Mai lasisin kwasar shara ne ke ɗauka, ba a ƙonawa.

An yi maganar feshin busasshiyar ƙanƙara don share ragowar, muka bari. Tana aiki da kyau a katako, amma sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri, tana farfasa tsohon fel, kuma iskar kabon dayoksaid da take saki tana taruwa a rufaffen wuri.

Wayar shawa mai ɗumama ruwa da lantarki an same ta binne a kumfa fiye da mita ɗaya. A ƙa'idar BS 7671 ta aikin wutar lantarki, wayar da abin tare zafi ya kewaye ta tsawon rabin mita ko fiye, rabin ƙarfinta ake lissafa mata. Robarta ta canza launi. Mai gyaran wuta zai sauya wannan yankin ya ɗaga ta sama.

A cikin watan nan BBC ta ba da rahoto cewa kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu ba da bashin gida ba sa karɓar gida mai kumfa a rufi. Tsoron da wannan ya jawo ya buɗe kasuwa ga masu buga wa tsofaffi waya suna cewa rufinsu na gab da faɗuwa. Duk wanda ya ba da farashin cirewa bai buɗe taga ko ɗaya ya auna ba, a sallame shi.

10 ga Disamba

Guguwar Darragh ta ƙarshen mako ta jinkirta kafa dandamalin hawa, sai jiya aka gama.

Da katako ya fito fili an bi kowace rafta da tsinken ƙarfe. Lafiyayyen katako tsinke ba ya shiga, idan an ɓalla sai ya tsage dogo. Ruɓaɓɓe yana nutsewa ya karye gajere. Rafta biyu na gefen bututun hayaƙi sun ruɓe daga sama, zurfin milimita 15 zuwa 25, launin ƙasa-ƙasa mai duhu da tsaga, irin ruɓewar jiƙa. Babu alamar busasshiyar ruɓewa, wadda ita ce ke bin bulo ta yaɗu, kuma wannan ya rage aiki sosai. Sauran na arewa baƙin tabo ne da fumfuna a fata, cikinsu da ƙarfi. Injiniyan gini ya ba da umarnin a yanke ruɓaɓɓen wuri, a haɗa sabon katako mai darajar ƙarfi ta C24 a gefen kowace, a ɗaure da kusoshi masu noti M12, a shafa maganin boron mai hana ruɓewa a tsohon da ke kewaye.

Fel na arewa ya yage a wurare da yawa, domin kumfa ta kama shi gam kuma ya riga ya tsufa. Faci daga ciki ba ya riƙe ruwa, tunda dole kowane layi ya hau kan na ƙasansa daga waje. Za a sauke tayil na arewa, a sa shimfiɗa mai numfashi, a sa sababbin sandunan tayil masu milimita 25 da 50, a mayar da tayil ɗin da bai fashe ba, a sake darmar bututun hayaƙi. Na kudu ya tsira da ƴan ƙananan huji.

14 ga Janairu, 2025

An rufe arewa kafin hutun ƙarshen shekara. Tunda kudu na nan da fel na kwalta, an lissafa iskar rufin duka kamar mara numfashi: buɗi daidai da milimita 10 a tsawon bakin rufi gaba da baya, da milimita 5 a ƙololuwa. An sa tiren roba tsakanin rafta a gindi domin audugar gilas, abin tare sanyin da za a shimfiɗa a kan silin, kada ta toshe hanyar.

Aikin da ya fi amfani shi ne wanda ba ya ɗaukar ido, wato toshe silin. An cike kewayen kowace waya da bututu, an kifa hula a kan fitilun da ke cikin silin, an sa wa ƙofar hawa roba da sakata mai matse ta. Fankar banɗaki yanzu tana da bututu mai tauri, naɗe da abin tare sanyi, ya fita ta tayil na musamman. An auna ta tana jan lita 15 a daƙiƙa, abin da dokar gini ta nema ke nan. Bututu mai lanƙwasa da ya yi ciki yakan tara ruwa a tsakiya ya rage jan iska, shi ya sa aka guje shi.

Sanyin makon jiya ya zama gwaji. An ga ƴar raɓa a fel na kudu da safe, ta bushe kafin azahar. Katako: kudu 15, arewa 18 zuwa 21. Ba a sa hita ba, iska ce ke aikin.

18 ga Fabrairu

An shimfiɗa audugar gilas milimita 100 tsakanin katakon silin, da 170 a gicciye a kai, jimla 270. Ba a sa a ƙarƙashin tankin ruwa ba, domin ɗumin da ke tasowa daga ƙasa ne ke hana shi daskarewa. An naɗe gefensa da samansa da dukan bututan ruwa, tunda saman silin ya koma wuri mai sanyi. Allunan ajiye kaya suna kan ƙafafu, ba su danne audugar ba.

Ƙarnin ya tafi tun makon da aka cire wurin mai danƙo. Awon yau: kudu 14 zuwa 15, gindin arewa 16, ƙololuwar arewa 18 zuwa 19, tsohon katakon gefen bututun hayaƙi 20. Wannan na ƙarshen ana karanta shi da hattara, domin gishirin boron kan ɗaga lambar na'ura.

An bar sukurori biyu-biyu na ƙarfe mara tsatsa a rafta shida domin a riƙa aunawa a wuri ɗaya kowane zuwa, da na'urar ajiye zafi da laima guda biyu, ɗaya a ƙololuwa ɗaya a matakala. Za a sake karantawa a ƙarshen Maris da ƙarshen Mayu. Ba za a kira mai duba gini mai zaman kansa ya rubuta wa banki rahoto ba sai kowane wuri ya sauka ƙasa da 18 a awo biyu a jere. Idan gefen bututun hayaƙi bai sauka ba zuwa Maris, za a duba murfin bututun da simintin da ke tsakanin bulonsa daga waje.